Canza kulocin mota da hannunka a gida: tambayoyi da amsoshi

Maganar nan ta mota mai giyar hannu ce, wato manuwal, mai feda uku. Na yi aikin sau da dama, a motoci masu jan gaba da masu jan baya, kuma abin da nake fara gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne: kulocin kansa notuna shida ne ke riƙe da shi a yawancin motoci, kwance su ba ya cin minti goma. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Aikin duka yana wajen sauke giyabos da mayar da shi mazauninsa lafiya, kai ma lafiya.

Idan an ce an canza kuloci, wane ƙarfe ne ake cirewa?

Tsakanin inji da giyabos akwai abubuwa huɗu jere da juna. Na farko filawil, ƙaton faranti mai nauyi da ke ɗaure a gindin karanshaf, wato babbar sandar da inji ke juyawa, yana juyi muddin inji na aiki. Sai faifai, mai fata a fuska biyu irin ta birki, da rami mai haƙora a tsakiya inda sandar giyabos ke shiga. Sai murfi, wanda ake ɗaurewa a jikin filawil. A cikinsa akwai sifirin mai yatsu da yawa kamar haƙarƙarin lema, shi ke danne faifan. Na ƙarshe boris, wanda ke tura yatsun nan idan ka taka feda. Da ya tura, matsi ya saki, faifai ya sami sarari, inji ya ci gaba da juyinsa shi kaɗai har ka sa giya.

Kanikawa kan ce "dis da filet", kuma kana iya samun biyu a gareji ɗaya da ba su yarda da juna kan wanne ne dis wanne ne filet ba. Shi ya sa nake cewa faifai da murfi. Su biyun da boris ne ake canzawa, kuma a kwali ɗaya ake sayar da su.

Ta yaya zan tabbatar kulocin ne ya ƙare?

Babbar alama ita ce sulɓi. Ka sami hanya mara cunkoso, ka sa giya huɗu ko biyar kana tafiya wajen kilomita 50 a awa, sai ka danne totur har ƙasa. Idan inji ya ɗau ihu, allurar juyinsa ta haura, amma gudun mota bai ƙaru ba, faifai na zamewa ke nan. A manyan giya yake fara nunawa, saboda a nan ne nauyi ya fi hawa kansa. A giya ɗaya da biyu mota kan yi kamar ba komai har sai abin ya yi nisa. Sau da yawa ƙauri kan biyo baya, musamman a hawan tudu da kaya, irin warin birkin da aka daɗe ana takawa.

Akwai gwajin tsaye kuma. Ja hambirki sosai, sa giya uku, ɗan ba da wuta, ɗaga ƙafa daga kuloci a hankali. Kuloci mai lafiya zai kashe inji nan take. Idan inji ya ci gaba da numfashi bayan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, ya ƙare. Sau ɗaya ya isa, don gwajin kansa yana cin fata.

Amma kafin ka sayi kaya, in motarka mai waya ce, wato waya ke jan kulocinta daga feda ba mai ba, duba ko fedar na da ɗan wasa a sama kafin ta fara tauri. Wayar da aka ja da yawa tana barin boris a danne da yatsun murfi kullum, kuloci ya riƙa sulɓi alhali fatarsa na nan. Saitin minti biyar ne ke gyara wannan.

Giya ta ƙi shiga, ko tana gurza. Shi ma faifai ne?

Ba lallai ba, kuma a nan ne mutane suka fi sauke giyabos a banza. Kashe inji ka gwada sa giya. Idan duk suna shiga sumul amma da ka tayar da inji sai su ƙi, to kuloci ne ba ya raba inji da giya. Ribas ne ke fara kai ƙara, don a motoci da yawa ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran. Rashin rabuwar nan kuwa ya fi zuwa daga ɓangaren mai: masta, wato silindar da ke bayan feda, ko silindar ƙasa da ke jikin giyabos. Duba man a robarsa. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, inda sandar feda ke shiga masta, ka ga ko akwai danshi. Ɗaga robar bakin silindar ƙasa. In mai ya ɗigo, ka kama ɓarawo. In kuma sai ka buga feda sau uku ko huɗu sannan giya ke shiga, iska ce ta shiga layi ko sil, robar da ke hana mai zurarewa, ya gaji. Duk waɗannan ba sa bukatar a taɓa giyabos, sai fa in motarka irin wadda silindarta ke haɗe da boris a can ciki ce.

Idan giya ɗaya tak ke gurza, misali ta biyu, sauran kuma lafiya, matsalar cikin giyabos take. Sabon kuloci ba zai warkar da ita ba.

Ina jin ƙara. Ta ina take fitowa?

Ƙarar da ke zuwa lokacin da ka taka feda, kamar ƙugi ko shiii, boris ɗin kuloci ne. Wadda ake ji a firi, ta ɓace da zarar ka taka, ta fi kama da boris ɗin sandar giyabos ko filawil mai hawa biyu (bayaninsa na gaba) da ya saki.

Kilomita nawa kuloci ke yi kafin ya ƙare?

Ƙafar direba ce ke yanke wannan. Wani kan cinye shi kafin kilomita 50,000, wani ya wuce 200,000 da na kamfani. Ɗora ƙafa kan feda ana tafiya, riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon birki, da jan kaya masu nauyi, su ne manyan masu cin sa.

Ban taɓa yi ba. Zan iya?

In ka taɓa canza fatar birki, ka taɓa cire shaf (sandar da ke juya taya) ko kik (abin da ke tayar da inji) ka mayar ba tare da noti ya yi saura a hannunka ba, za ka iya, da sharaɗin kana da littafin gyaran motarka da mutum na biyu. In kuwa canza baƙin mai ne iyakar abin da ka taɓa yi, shawarata kar ka fara da wannan. Ba don yana bukatar wani ilimi mai zurfi ba. Dalili shi ne da zarar giyabos ya sauka, mota ba ta motsi, ba kuma yadda za ka tura ta wurin bakanike in ka maƙale.

Bakanike mai ramin gyara ko na'urar ɗaga mota kan gama cikin awa huɗu zuwa takwas a yawancin ƙananan motoci. Kai da za ka yi a kwance a ƙasa, ware kwana biyu cur, ka kuma bar na uku a buɗe. Kar ka fara ranar da kake bukatar motar washegari. Duk kuskuren da na taɓa yi a aikin nan, sauri ne ya haife shi.

Mai jan gaba da mai jan baya, wacce ta fi sauƙi?

Mai jan baya, nesa ba kusa ba. Ka kwance farfela, doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ka cire sandar giya daga cikin mota, ka sauke ƙarfen da giyabos ke zaune a kai, wataƙila da ɓangaren salansa, sai ka ja shi baya. Matsalarta notunan saman ƙoƙon giyabos, wato bakinsa da ke ɗaure da inji, waɗanda sai ka haɗa dogayen sanduna biyu ko uku ka miƙo daga can baya kafin ka kai gare su.

A mai jan gaba, inji da giyabos a gicciye suke cikin wuri matsattse. Sai batir da mazauninsa sun fita, da akwatin iska, da shaf, da bol join. A wasu motocin har sai an sassauto babban ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, wanda ke nufin saitin tayoyi bayan an gama. Ga shi kuma ɗaya daga sitin ɗin da ke riƙe da inji a jikin giyabos yake, don haka da ka kwance shi inji ya rasa madogara a gefe ɗaya. Masu jan ƙafa huɗu kuwa nauyi ne matsalarsu. Giyabos ɗin ƙaramar mota kan yi kilo 30 zuwa 45, amma na babbar mota haɗe da akwatin raba ƙarfi yana iya ninka haka ko fiye.

Otomatik fa?

Otomatik na gargajiya ba shi da irin wannan kulocin. Mai ne ke miƙa ƙarfi a cikinsa. Masu kuloci biyu irin DSG na Volkswagen suna da shi, amma sa su na bukatar kayan awo na musamman, sannan a koya wa kwamfutar mota sabon saiti. Wannan ba aikin gida ba ne.

Wane kayan aiki nake bukata?

Soket da sifanoni cikakku, da dogayen sandunan ƙari da gwiwa mai lanƙwasa. Dogon ƙarfen karya noti, don notin tsakiyar taya a mai jan gaba kan wuce Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Sifanar auna ƙarfin ɗauri, wadda ba zan yarda a yi aikin ba tare da ita ba. Jak mai tayoyi guda biyu in da hali, ɗaya na inji ɗaya na giyabos, ko kuma sandar da ake gittawa a saman inji a rataye shi. Ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Sandar saitin faifai. Feshin wanke birki, gwangwani biyu aƙalla. Roba ta tarar man giya, fitila mai kyau, da ledoji da alƙalami don rarraba notuna.

Maganar ledojin nan ba wasa ba ce. Notunan ƙoƙon giyabos ba tsawonsu ɗaya ba. Ni kwali nake samu in zana da'ira, in huda rami, in soke kowane noti a gurbin da ya fito. Ɗauki hoton kowace waya da soket kafin ka cire. Gobe da yamma ba za ka tuna ba.

Jak kaɗai ba zai isa riƙe motar ba?

A'a. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba; sil ɗaya ne a cikinsa tsakaninka da tan guda da wani abu. Kuma wannan aiki ne na girgiza: za ka ja, ka tura, ka jijjiga giyabos da dukan ƙarfinka kana ƙarƙashi. Bulon siminti da jan bulo ma ban yarda da su ba, don ba sa gargaɗi, farfashewa suke yi lokaci ɗaya. Ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, waigi a tayoyin da ke ƙasa, sannan ka tura tayoyin da ka cire ƙarƙashin gefen mota a matsayin kariya ta biyu. Kafin ka shiga, kama motar ka girgiza ta da gaske. In za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye.

Cire kan batir na nagatif tun farko. Babbar wayar kik tana da wuta kullum ko da makulli na aljihunka, kuma sifana ɗaya da ta haɗa ta da jikin inji ta isa ta narke a hannunka.

Faifai ne kawai ya cinye. Dole sai na sayi saitin duka?

Sifirin ɗin murfi ya sha zafi iri ɗaya da faifan, kuma bakin yatsunsa ya ci inda boris ke gogawa. Boris ɗin ma shekarunsu ɗaya. In ka mayar da tsofaffin, wata shida su kawo ƙara, kwana biyun nan ne za ka sake biya da bayanka. Canza duka. In silindar ciki ce mai haɗe da boris, ita ma ta tafi, ko da ba ta yoyo. A mai jan baya akwai ɗan ƙaramin boris ko bushi a gindin karanshaf inda kan sandar giyabos ke kwanciya; mutane kan manta da shi, kar ka manta.

Game da inganci, LuK da Sachs da Valeo da Exedy da Aisin su ne ke ƙera wa kamfanonin mota da yawa kulocin da suke fitowa da shi. Yi oda da lambar shasi, kuma da ka cire tsohon, ɗora shi kan sabon: faɗi ɗaya, yawan haƙora ɗaya, tsayin cibiya ɗaya. Zura sabon faifan a sandar giyabos ka ga yana tafiya sumul tun kafin ka ɗaura komai.

Filawil fa, a bar shi ko a canza?

Ya danganta da irinsa. Filawil na gargajiya dunƙulen ƙarfe ne guda. In fuskarsa sumul take, ɗan goge ƙyallin da sanfefa a wanke ya isa. In akwai tabon shuɗi na zafi, ko ƙananan tsage, ko kwari da farce ke kamawa, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. Wasu suna da mataki tsakanin inda faifai ke kwanciya da inda murfi ke ɗaurewa. Dole a kiyaye zurfin matakin nan, in ba haka ba matsin murfi ya canza. Sabon faifai a kan filawil mai tabo shi ke kawo karkarwa lokacin tashi.

Ɗaya irin shi ne mai hawa biyu, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985, yanzu kuma ya cika motocin dizal da na fetur da yawa. Faranti biyu ne, da dogayen sifirin da giris a tsakaninsu, suna shanye bugun inji kafin ya isa giya. Kama farantin waje ka juya hagu da dama: ɗan wasa ba laifi ba ne, haka aka yi shi, kar ka yanke masa hukunci don ya motsa. Abin tsoro shi ne wasa mai yawa, ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe, giris da ya fantsama cikin ƙoƙo, ko fuskar da ta ƙone. Irin wannan ba a share fuskarsa, canzawa ake yi. Yana da tsada, shi ya sa zuciya ke cewa a bar shi. Ra'ayina, in ya yi tafiya daidai da kulocin da ya mutu da tsufa, su tafi tare. Akwai saitin da ke mayar da mota kan filawil dunƙule, yana aiki, amma ka shirya jin ƙarin jijjiga da kacau-kacau a firi.

In ka cire filawil, yi alamar yadda yake zaune, kuma duba littafi: a motoci da yawa notunansa na amfani sau ɗaya ne, don miƙewa suke yi idan an ɗaure.

Na kwance komai amma giyabos ya ƙi rabuwa da inji. Me zan yi?

Sau tara cikin goma akwai noti ɗaya da ya ɓuya, galibi wanda ke shigowa daga ɓangaren inji, ko ƙarƙashin kik, ko a ɗan farantin da ke rufe ƙasan ƙoƙo. Bi da'irar da yatsa, ba da ido kaɗai ba. In ka tabbata babu, to 'yan turaku biyu na saiti ne suka yi tsatsa. Ɗan feshi da girgiza a hankali kan sake su. Kar ka cusa ƙarfe ka banƙare da ƙarfi, ƙoƙon alminiyam ne, garin gyaran gira a rasa ido. Wasu motocin, irin Subaru masu turbo, kulocinsu ja ake yi ba turawa ba, sai an zare sandar fok, ƙarfen da ke motsa boris, tukuna giyabos zai fito. Cire sensar karanshaf ma in a bakin ƙoƙo take, don da ɗan karo take karyewa.

Da ya fara fitowa, ja shi a miƙe har sandar ta fita gaba ɗaya. Kar ka bar nauyinsa ya rataya a cibiyar faifai.

Bayan an buɗe, me zan duba?

Mai. In cikin ƙoƙo ya jiƙe, nemo tushensa: sil ɗin bayan karanshaf, ko sil ɗin sandar giyabos. Hanci zai taimaka, don man giya yana da wari mai kaifi irin na farar wuta wanda baƙin mai ba shi da shi. In ka ɗora sabon faifai ba ka toshe yoyon ba, zai jiƙe ya lalace kamar na farko. Duba fok ko ya tsage, da ƙwallon da yake juyi a kai, da bututun da boris ke zamewa a kansa.

Ƙurar da ke ciki kar ka hure ta da iska ko da baki. Tsofaffin fatu da wasu marasa asali suna ɗauke da asbestos, mai illa ga huhu. Jiƙa ta da feshi, share da tsumma, sa takunkumi.

Wane gefe na faifan ke kallon inji?

Yawanci a rubuce yake a jiki. Na Jamus kan ce Getriebeseite, wato gefen giyabos. In ba rubutu, gefen da cibiya da sifirin suka fi tudu shi ke kallon giyabos a mafi yawan motoci, amma ka lura da yadda tsohon ya fito, shi ne shaida mafi ƙarfi.

Na taɓa sa shi baibai a wata ƙaramar mota. Duhu ya fara, ina son in gama, na ɗauka na ɗora ban duba ba. Komai ya ɗauru lafiya, na mayar da shaf, na zuba man giya, na sauke mota, na wanke hannu har da murmushi. Na tayar da inji, na taka feda, giya ta ce ba ta san zancen ba. Tudun cibiyar ya tokare kan notunan filawil, faifai ba shi da inda zai matsa. Washegari na sake sauke duk abin da na ɗaura, saboda duban da bai fi daƙiƙa biyar ba. Tun daga ranar, kafin in ɗora murfi, sai na manna faifan a jikin filawil da hannu na juya shi. In wani abu na taɓa wani, a nan zan ji.

Yaya ake saita faifai da ɗaure murfi?

Fara wanke fuskar filawil da ta sabon murfi da feshi, don kamfani kan shafa mata man hana tsatsa. Fatar faifai kuwa kar mai ko yatsa mai maiƙo ya taɓa ta. Zura sandar saiti ta cikin faifai har gindin karanshaf, ɗora murfi a kan turakunsa, kama notuna da hannu. Daga nan ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gabansa a ɗaya gefen, zagaye uku ko huɗu, har murfin ya kwanta daidai. In ka ɗaure ɗaya har ƙarshe tun farko, murfin zai karkace. Ƙarfin ɗaurinsu kaɗan ne, a motoci da yawa tsakanin Nm 15 zuwa 30, don haka hannu mai nauyi kan tsinke su. Ɗauki adadin daga littafin motarka. Bayan ka gama, sandar saiti ta shiga ta fita ba tare da tauri ba. In tana kamawa, sassauta ka sake. Minti goma a nan sun fi awa biyu na kokawa da giyabos.

Akwai murfi mai saita kansa yayin da fata ke cinyewa. Za ka gane shi da 'yan ƙananan sifirin da zoben saiti a fuskarsa. Irinsa ana so a danne shi da na'urar matsi ta musamman yayin ɗaurewa, in ba haka ba zoben kan iya juyawa ya ɓata saitin tun kafin mota ta motsa.

Giris nawa zan sa?

Ɗan kaɗan ƙwarai, mai jure zafi, a haƙoran sandar giyabos. Shafa, zura faifan ka kai ka kawo sau biyu, cire, goge duk abin da ya taru a baki. Wanda ya yi saura juyi zai watsa shi kan fata. Ɗan ɗigo kuma a inda fok ke juyi. Silindar ciki sabuwa kar ka matsa ta da hannu don gwaji kafin a ɗaura, sil ɗinta kan lalace.

Giyabos ya ƙi komawa, saura kamar faɗin yatsa biyu. In ja shi da noti?

Kada ka kuskura. Wannan shi ne wurin da aka fi ɓarna a aikin duka. Kana kwance, hannu ya mutu, ƙura na zuba a ido, ga rami ga noti, zuciya na cewa ɗan ja kaɗan zai shige. In haƙoran sanda ba su shiga na faifai ba, notin zai lanƙwasa cibiyar faifan, ko ya fasa boris ɗin karanshaf, ko ya tsaga kunnen ƙoƙo, kuma ba za ka sani ba sai ka gama komai.

Tsaya ka huta tukuna. Sannan duba tazarar da ke tsakanin inji da ƙoƙo: sama da ƙasa, hagu da dama, dole ta zama ɗaya. Yawanci za ka tarar sama ta matse ƙasa ta buɗe, ko akasin haka. Ɗaga ko sauke jak kaɗan, na inji ko na giyabos. In tazara ta daidaita amma bai shiga ba, haƙora ne suka yi karo kai da kai. Sa mataimakinka ya juya karanshaf kaɗan da soket daga gaban inji yayin da kake turawa, ko in mai jan baya ce, sa giya ka juya inda farfela ke ɗaurewa. Za ka ji ya yi ƙwas, ya zame da kansa har bakin turaku. Wata dabara da ke rage wahala: sami dogayen notuna biyu irin na ƙoƙon, yanke kawunansu, ɗaura su a jikin inji, giyabos ya hau kansu kamar jirgin ƙasa a kan dogo.

Sai fuska ta haɗu da fuska da ƙarfin hannu kawai sannan noti ya shiga. Kafin ka ɗaure, zagaya da tocila ka tabbata ba wata waya ko tiyo da ta maƙale a tsakani, kuma turakun nan biyu suna nan; in ɗaya ya ɓata, giyabos zai zauna a karkace ya riƙa cin faifai.

Na haɗa komai. Me ya rage kafin in tayar?

Man giya, irin wanda littafi ya ce. Da yawa GL-4 suke so, kuma wani man GL-5 ba ya shiri da zobban tagulla na ciki. Ƙananan motoci kan sha wajen lita biyu. (Da ma tun farko, notin zubawa ake fara kwancewa kafin na tsiyayewa, kar ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi motsi.) In ka buɗe layin man kuloci, fitar da iska: ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe ɗan notin silinda yana rufewa kafin a ɗaga ƙafa. Man birki ne, DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da ke rubuce a murfin robar, yana cin fenti, kuma a motoci da yawa roba ɗaya suke sha da birki, don haka kar ka bari ta yi ƙasa. Mai waya kuma a saita wasan feda.

Gwajin farko yi shi mota na kan ƙafafun ƙarfe, ba kowa a ƙarƙashi ko a gaba. Tayar a firi, taka, sa ribas. In ya shiga shiru, ka yi nasara a babban ɓangare.

Sabon kulocin yana ɗan ƙauri, fedar kuma ta canza. Na ɓata wani abu ne?

Feda ta yi laushi kuma ta riƙa kamawa ƙasa-ƙasa fiye da yadda ka saba, wannan daidai ne. Tsohon ne ya saba maka da tauri da kamawa a sama. Ɗan ƙauri a kwanakin farko ma ba abin tashin hankali ba ne. Ba shi kilomita 500 zuwa 800 na tuƙin cikin gari a natse, ba fizga, ba jan kaya, don fata ta kwanta a fuskar ƙarfe. Tafiyar babbar hanya a giya biyar ba ta shiga lissafi, tunda ba a taɓa kuloci.

Abin da ba daidai ba shi ne sulɓi, ko karkarwa mai ƙarfi da ba ta raguwa, ko giya da ke ƙin shiga bayan ka fitar da iska sau biyu. Karkarwa, fara duba sitin ɗin inji da na giyabos ko akwai wanda ka bari a sake. Bayan tafiyar farko leƙa ƙasa da tocila inda shaf ke shiga giyabos, don sil ɗin wurin kan ji rauni lokacin mayar da shaf, kuma ɗigonsa ba ya nunawa sai mai ya yi zafi. Bayan kamar kilomita 50, sake bin notunan taya da sifanar awo.